Yadda Ake Ƙulla Aron Littattafai Tsakanin Laburaren Jama'a da na Jami'a

Kusan kowane babban gari a Arewa yana da laburare fiye da ɗaya. A Kano ga laburaren Murtala Muhammad na gwamnatin jiha, ga na Jami'ar Bayero. A Zariya ga na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello. A Kaduna ga Arewa House da ofishin adana takardun tarihi na ƙasa. A Sakkwato ga na Abdullahi Fodiyo a jami'a, ga cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a cikin gari. Babu ɗaya daga cikinsu da ya tara komai, kuma babu wanda kuɗinsa zai isa ya tara. Abin da mai karatu ya nema ya rasa a wurinka, sau da yawa yana nan a kan kanta a wani laburaren da tafiyarsa ba ta wuce ta Keke Napep ba.

Wannan bayani na ma'aikacin laburaren jama'a ne da aka ɗora wa aikin haɗa laburarensa da wani, kuma bai taɓa yi ba. Na ɗauka laburare biyu ne kawai, ɗaya na jama'a ɗaya na jami'a ko kwaleji, a gari ɗaya ko kusa da juna. Da biyu ake farawa.

Kayan aiki

Babbar rajista mai bango mai ƙarfi, guda biyu: ɗaya ta abin da ka ba da aro, ɗaya ta abin da ka aro. Kada ka haɗa su wuri ɗaya.

Fom ɗin neman aro, wanda za ka buga da yawa. Idan akwai takardar kabon, a yi shi mai kwafi uku.

Hatimin laburare da tawadarsa, da hatimin kwanan wata.

Fayil ɗaya na yarjejeniya da wasiƙu.

Jaka mai zif ko ƙaramin akwatin roba mai murfi, da manyan ledoji, da igiya, da kwali.

Waya mai kyamara mai kyau, da layi na ofis wanda zai zauna a ofis ko da an canja maka wurin aiki.

Kwamfuta mai Excel ko makamancinsa, da filashi biyu. In babu kwamfuta, katunan katalog (jerin abin da laburare ya mallaka) da akwatinsu sun isa a fara.

Na'urar sikanin ko ta fotokwafi in akwai. In babu, wayar za ta tsaya a madadinta.

Mataki na 1: Ka san abin da ke hannunka

Kada ka dogara da katalog. Tashi ka bi kantoci da ƙafarka, ka ga abin da yake nan a zahiri, domin katin littafi yakan daɗe a akwati bayan littafin ya ɓace ko gara ta cinye shi. Ba duka laburaren za ka ƙidaya ba. Nemo abin da kake da shi wanda da wuya ɗaya ɓangaren ya mallaka.

Ma'aikatan laburaren jama'a sukan shiga wannan magana da sanyin gwiwa, suna ganin su ne masu roƙo. Ba haka ba ne, kuma ina so ka cire wannan daga ranka tun kafin ka fita. Duba ɗakin ajiyarka da kyau. Tsofaffin jaridu da aka ɗinke shekara-shekara, kamar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, ko New Nigerian da ta fara a 1966. Gazet ɗin gwamnati, littattafan kasafin kuɗin jiha, rahotannin kwamitoci da na ma'aikatu. Littattafan Hausa da aka buga a cikin gari, waɗanda yawancinsu ba su da lambar ISBN (lambar shaidar littafi ta duniya) kuma ba su taɓa shiga jerin sayayyar wata jami'a ba. Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri a tarihi ko adabi ko siyasa zai iya yin wata guda yana neman waɗannan.

Jami'a kuma tana da kundayen digiri, da mujallun bincike, da sababbin littattafan likitanci, noma, shari'a da injiniyanci, da yawansu daga tallafin asusun ilimi na TETFund, wanda manyan makarantun gwamnati ke samu, laburaren jiha kuwa ba ya cikin masu samunsa. Malamin sakandare, ma'aikaciyar jinya, malamin gona, lauyan da ke aikin kansa, duk suna bukatar waɗannan, kuma ba su da katin jami'a.

Rubuta ƙarfin laburarenka a shafi ɗaya, rauninsa a shafi ɗaya. Su za ka riƙe idan ka tashi ziyara.

Mataki na 2: Nemo takwaranka

Kafin wasiƙa, je da kanka. Nemi wanda ke kula da sashen ba da aro ko sashen taimaka wa masu bincike, ku gaisa, ka nuna masa shafukan nan biyu, ka roƙa ya zagaya da kai. Taron reshen jiha na Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Najeriya, wadda aka kafa a 1962, wuri ne mai kyau na haɗuwa da irin wannan mutum. Sai kun fahimci juna sannan shugabanka ya rubuta wa shugabansa. Wasiƙar da ta isa ofis babu wanda ya san da zuwanta, a fayil take kwana.

Mataki na 3: Haɗa jeri ɗaya

Wannan ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Ba za ka nemi aron abin da ba ka san yana nan ba.

Fara da jaridu da mujallu da kundayen digiri, ka bar littattafai sai daga baya. Sun fi kaɗan, sun fi wuyar samu, kuma su aka fi nema. Buɗe shafin Excel mai waɗannan ginshiƙai: marubuci, sunan aiki, maɗaba'a, shekara, bugu na nawa, ISBN ko ISSN (takwararta ta jarida da mujalla) in akwai, lambar kanta (wadda ke nuna mazaunin littafi a kan kanta), laburaren da ke da shi, ko ana fita da shi ko ba a fita, da halin da yake ciki. Ga jarida da mujalla, rubuta ainihin abin da ke nan. Kada ka rubuta "1970 zuwa 1985" alhali shekaru uku a tsakiya babu su. Fito da giɓin a fili, domin wani zai biya kuɗin mota ya zo saboda wannan layin.

Abubuwa uku sukan rikita sabon hannu a nan.

Na farko, lambobin kanta ba za su yi daidai ba. Laburaren jama'a galibi tsarin rarraba littattafai na Dewey yake bi, jami'o'i kuma yawanci na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. Littafin addinin Musulunci da ke 297 a wurinka, a can yana ƙarƙashin BP. Na noma da ke 630, a can S ne. Kada ku ɓata lokaci wajen sauya lambobin kowa. Kowa ya bar tasa, a rubuta ta yadda take kusa da sunan laburarensa.

Na biyu, sunaye. Marubuci ɗaya zai fito a matsayin Muhammad, Mohammed da Muhammadu, wani katin ya fara da sunan gari, wani da sunan uba, wani da Alhaji ko Malam. Ku zauna ku tsayar da siffa ɗaya ga kowane marubuci, sauran siffofin a sa su a wani ginshiƙi don mai nema ya same su. Laƙabi ba ya zama farkon shigarwa.

Na uku, haruffa masu ƙugiya. Idan ka rubuta "ƙasa" shi kuma ya rubuta "kasa", kwamfuta za ta ɗauke su kalmomi biyu dabam. Ku rubuta sunan littafi daidai da ƙugiyoyinsa, sannan ku ƙara ginshiƙi ɗaya marar ƙugiya don bincike. Littafin ajami ko na Larabci a rubuta sunansa da boko, a nuna cewa ajami ne ko Larabci.

In jami'ar tana amfani da Koha, wadda manhajar gudanar da laburare ce ta kyauta, kuma katalog ɗinta yana kan intanet, rabin aikinka ya ƙare: za ka duba nasu daga wayarka, kai kuma ka ba su naka a Excel. Akwai manhajar MarcEdit da ke mayar da Excel zuwa MARC, tsarin rubuta bayanan katalog a kwamfuta, wanda Koha ke karɓa, in suna son zuba jerinka a cikin nasu. In kuwa babu kwamfuta ko kaɗan, a rubuta kati biyu ga kowane abu, ɗaya a wurinka ɗaya a wurinsu. A hankali yake tafiya, amma yana aiki, kuma ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Ko wanne kuka bi, kowane ɓangare ya ajiye kwafi, a sabunta shi duk wata uku.

Mataki na 4: Rubuta yarjejeniya

Shafi biyu sun isa. Doguwar yarjejeniya takan maƙale a ofishin lauya. Amma kada ku fara ba da aro a kan mutunci kawai, domin mutanen da suka san juna yau, gobe an canja musu wurin aiki ko sun yi ritaya.

Tushen yarjejeniyar jimla ɗaya ce: laburare ke aro daga laburare, ba mutum ba. Idan mai karatunka ya ɓatar da littafin jami'a, jami'a ba ta san shi ba, kai ta sani. Kai za ka biya, sannan ka bi shi. Duk wanda bai yarda da wannan ba, bai shirya ba tukuna.

Sai a fayyace waɗannan:

Abin da ba ya fita ko da wa ya nema: rubuce-rubucen hannu, jaridun da aka ɗinke, ƙamusoshi da manyan littattafan dubawa, kundayen digiri, littafin da kwafinsa ɗaya ne kuma ba a ƙara buga shi ba, da wanda malami ya ware wa ɗalibansa a zangon da ake ciki.

Wa'adin aro. Ina ba da shawarar mako huɗu, daga ranar da littafi ya fita zuwa ranar da ya dawo, har da kwanakin hanya. A sabunta sau ɗaya, kuma mai littafi yana da ikon kiran abinsa in ya bukata.

Yawan abin da zai kasance a waje a lokaci guda. Ku fara da goma. In an ga amana, a ƙara.

Kuɗi. Wa ke biyan mota, wa ke biyan takardar kwafi. Mafi sauƙi, laburaren da ya nema ya biya zuwa da dawowa. In za a karɓi wani abu daga mai karatu, a rubuta adadinsa a manna a bango, a ba da rasit.

Ɓata da lalacewa. A maye da littafi irinsa, bugu ɗaya ko wanda ya fi sabunta. In ba a samu ba, a biya farashinsa na ranar biya, ba na ranar da aka saye shi ba. Wannan jimla ta ƙarshe tana da muhimmanci a ƙasar da farashin littafin waje ke bin dala.

Rufewa. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ku rubuta abin da za a yi in an rufe ɗaya ɓangaren: wa'adi ya tsaya, littattafan da ke waje a kulle su a ofishin wanda ya ara, kada a ci gaba da ba masu karatu.

Sa hannu: shugaban laburaren jami'a da shugaban hukumar laburare ta jiha. A wasu jami'o'in sai ta bi ta ofishin magatakarda, don haka ka tambaya tun da wuri. A rubuta muƙamin jami'in da zai riƙe aikin a kowane ɓangare, da na mataimakinsa.

Mataki na 5: Fara da aika mutum, ba littafi ba

Hanyoyin raba kaya uku ne: ka aika mai karatu ya je ya karanta a can, ko a aiko masa da kwafin shafukan da yake so, ko a aiko littafin kansa. Wata ukun farko ku tsaya a kan biyun farko. Babu abin da zai ɓata, kuma a nan za ku gane ko ɗaya ɓangaren yana amsa waya.

Takardar gabatarwa ta ƙunshi sunan mai karatu, lambar katinsa, hotonsa, abin da zai duba, da kwanakin da aka ba shi, da hatimi. Kira takwaranka kafin mutumin ya tashi, ya tabbatar abin yana kan kanta. Kuma ka tabbata masu gadin ƙofar jami'a da na ƙofar laburare sun ga samfurin takardar. An sha mayar da mutum daga bakin ƙofa da takarda mai hatimi a hannunsa, don ba wanda ya gaya wa mai gadi.

Mataki na 6: Aika kwafi

Mafi yawan masu nema ba littafi suke so ba, babi ɗaya suke so ko maƙala ɗaya. Tambaye su da kyau kafin ka cika fom. Za ka rage rabin jigila.

In da waya za ka ɗauka, shimfiɗa littafin kusa da taga, kashe fitilar kyamara, sa baƙin ƙyalle a ƙarƙashi, ka haɗa shafukan su zama PDF ɗaya. Fara da shafin suna da shafin da ke nuna maɗaba'a da shekara, domin mai bincike zai bukace su. Duba kowane shafi kafin ka aika, musamman gefen ɗinki inda rubutu ke lanƙwashewa. In ta WhatsApp ne, aika shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai dusashe. Tsohuwar jarida kada a danna ta a kan gilashin fotokwafi, takardarta karyewa take yi.

Iyakarka babi ɗaya daga littafi, ko maƙala ɗaya daga fitowar mujalla, don karatun mutum ɗaya. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Kwafe littafi sukutum ba raba kaya ba ne, cin haƙƙin marubuci ne, kuma marubutanmu na Hausa su suka fi kowa shan wannan. Kundin digiri kuma a bi ƙa'idar jami'ar da ta mallake shi.

Kada ka roƙi kalmar sirrin shiga rumbunan mujallu na jami'a, kada kuma ka karɓa in an miƙo maka. Shirye-shirye irin su Hinari na lafiya da AGORA na noma, waɗanda ke ƙarƙashin Research4Life, haɗakar da ke buɗe wa ƙasashe masu tasowa mujallun bincike, da sunan cibiya ake rajistarsu, kuma in aka ga kalmar tana yawo ana iya rufe wa jami'ar gaba ɗaya. Takwaranka ya karanta sharuɗɗan lasisin, ya ga ko sun yarda baƙo ya zauna a cikin laburaren ya yi amfani da su. Kafin ma ka dame shi, duba DOAJ, jerin mujallu a intanet inda duka kyauta ne, da AJOL mai tara mujallun Afirka, inda da yawa ake sauke su kyauta, da rumbun jami'ar na intanet in tana da shi.

Mataki na 7: Aika littafi

Mai nema ya cika fom: marubuci, suna, bugu, shekara, lambar kanta kamar yadda take a jeri, da ranar da bayan ta littafin ba zai yi masa amfani ba. Ka ba kowane fom lamba, ka shigar da ita a rajista. Wanda aka nema a wurinsa ya ba da amsa cikin kwana biyu na aiki, ko e ko a'a. "Babu" da wuri ta fi shiru.

Kafin littafi ya fita, buɗe shi gaban shaida. Duba ko shafuka sun cika, ɗauki hoton bango da duk inda ya yage, rubuta lambar shigarwarsa (wadda aka ba shi lokacin da ya shigo laburare) a rajista, domin ita ce ke bambanta kwafinka da na wani. Naɗa masa takarda a bango mai ɗauke da sunan laburarenka da ranar dawowa. Sa shi a leda, sannan a jaka, ko da rani ne.

A cikin gari, ku tsayar da rana ɗaya a mako da masinja zai kai ya karɓo, da littafin sa hannu. In gari da gari ne, motar jami'a ko ta ma'aikata da ke zirga-zirga ta fi. In dole sai ta tasha, ba da saƙon ta ofishin 'yan ƙungiyar direbobi, karɓi lambar direba da ta mota, ka kira mai karɓa tun motar ba ta tashi ba. Kada ka ba ɗalibi ko ɗan'uwa don "hanyarsa ce". In ya ɓata ba ka da bakin magana.

Mataki na 8: Karɓa da mayarwa

Littafin aro a cikin laburare ake karanta shi. Wannan ra'ayina ne, wasu suna barin a tafi da shi gida, amma a shekarar farko ban ga dalilin ɗaukar wannan kasada ba. Ajiye shi a ofis, mai karatu ya ba da katinsa ya karɓa, ya dawo da shi kafin a tashi. Kada ka buga masa hatiminka, kada ka gyara shi da salatif in ya yage, sanar da mai shi.

Mayar da shi kwana uku kafin wa'adi. Abin kamar adashi yake: ranar da wani ya kwashe ya daina zubi, ranar ya watse. In wani abu ya ɓata, kira a ranar, ka bi da wasiƙa, ka fara neman madadinsa. Ɓatan littafi ɗaya ba ya kashe yarjejeniya. Ɓoye ɓatan ne ke kashe ta.

Mataki na 9: Lissafi, sannan faɗaɗawa

Duk ƙarshen wata fitar da lambobi huɗu daga rajista: nawa aka nema, nawa aka samu, kwana nawa ya ɗauka, nawa suka makara. Ka kuma rubuta abin da aka nema aka rasa a duka ɓangarorin, domin shi ne jerin sayayya mafi gaskiya da za ka miƙa wa shugabanka. Littafin da ka aro sau uku a zango ɗaya, saya ya kamata ka yi. Kayan aro ba ya rufe katara.

In lissafi ya nuna ɓangare ɗaya ne ke ta bayarwa, kada a jira ya gaji. Laburaren jama'a yana da abin ramawa ko ba littafi ba: zauren karatu ga ɗalibai lokacin hutu ko yajin aiki, wurin baje koli a tsakiyar gari, gurbin ɗaliban sashen laburare masu neman sanin makamar aiki. Jami'a kuma ta koya wa ma'aikatansa katalog da Koha, ta ɗinke masa jaridu in tana da sashen ɗinki.

Musayar rarar kwafi ma tana da amfani, sai dai littafin gwamnati kadara ce. Kada ya fita har abada sai da amincewa a rubuce, kuma a soke shi daga rajistar shigarwa, in ba haka ba ranar da masu binciken kuɗi suka zo kai za a tambaya.

Laburare na uku, ko kwalejin ilimi ko foliteknik ko reshen Laburaren Ƙasa da ke jiharku, ya shigo bayan kun cika shekara guda kuna aiki. Sharaɗin shigarsa ya kawo jerinsa a tsarin ginshiƙanku, ya sa hannu a kan yarjejeniyar yadda take, ya kuma ba da sunan jami'insa da mataimaki kafin a karɓi fom ɗinsa na farko.